Dillalin da ya hana ni sayen gidan da raina ke so: ra'ayina kan wani ofishin gidaje a Damagaram

Duk wanda ya zauna gidan haya a Damagaram ya san yadda gaba ke faɗuwa in mai gida ya aiko yaro ya ce yana son ganinka, ko ƙarin luwaye ne, wato kuɗin haya, ko kuma ɗanshi zai yi aure yana son gidan. Ni malamin lakkol ne, na daɗe ina haya da iyalina da mahaifiyata, sai bara Allah ya nufa na sayi gida ta hannun wani ƙaramin ofishin dillancin gidaje da filaye da ke nan cikin gari. Tun daga lokacin abokan aiki ke ta tambayata ya aikinsu yake, ana iya yarda da su ko kuwa dillalan bakin titi ne kawai da suka samu tabur da kujera. To ga amsa a tsanake. Ba zan kama sunan ofishin ba ko na mai shi, tunda akwai yabo akwai kuma ƙorafi a maganata, zan dinga ce mishi dattijon kawai.

Wurin ba wani abin kallo ba ne, shago ɗaya ne da benci da tabur da panka mai juyawa in akwai kuran, sai taswirar lotisma, wato yankan filaye, da aka manna a bango da wani babban kaye da yake rubuta gidajen da aka ba shi. Yana da samari biyu masu moto da ke kai mutane ganin gida. Abin da ya fara burge ni tambayoyin da ya yi min ne kafin ya nuna min ko hoto ɗaya. Ya ce Mushe (haka ake kiran malamin lakkol), nawa ne a hannunka, kuɗin da ke hannu fa nake tambaya ba wanda ake sa rai ba. Na faɗa mishi. Ya ce ku nawa ne a gidan, na faɗa. Sai ya ce to a cikinku wa ke iya cewa a'a maganar ta tashi? Wannan tambayar ta tsaya min a rai, don gaskiya mutum biyu ne, Inna da matata, kuma abin da kowace ke so ya sha bamban da na ɗayar. Ya ce to kada ka zo ganin gida kai kaɗai ka je kana ba su labari, ka zo da su.

Dole in yi maganar kuɗin, don in ba a gane daga inda suka fito ba ba za a gane dalilin da ya sa mutum ke kasa barci ba. Ba kuɗina ne ni kaɗai ba. Akwai kiredi da na ɗauka a banki wanda za a yi ta cirewa daga albashi shekara da shekaru, akwai adashin da matata ta kwasa ta haɗa da ƴan kunnenta na zinare da ta sayar ba tare da na roƙe ta ba, akwai abin da ƙanena ke turowa daga Agadas ta Nita kaɗan-kaɗan, har Inna ta sa aka kai tumakinta kasuwa. To ka ga in aka cuce ni a cinikin nan ba ni kaɗai aka cuta ba, gida guda aka kwantar. Duk gidan da na shiga dubawa da wannan nauyin nake shiga, ina kallon bango ina ganin ƴan kunnen matata.

Inna Birni take so, can aka haife ta, tana son ta ji tamburan fada ranar sallah ta kuma taka da ƙafa zuwa gidajen ƴan uwa. Matata ita kuma ba ruwanta da tarihi, ruwa take so da lakkol kusa don yara, ta gaji da tashi tsakar dare tana jiran famfo ya kawo. Ni kuma ina lissafin esansi zuwa wurin aiki. Mun zaga Birni da Zango da Sabon Gari da Garin Malam da Karkada har da sababbin unguwannin bayan gari inda fili ke da sauƙi amma ba famfo ba kuran, sai ka ga gida ɗaya tsaye tsakiyar gona. A nan ne na ga amfanin mutumin da ya san garin. Kowa ya san Damagaram kan dutse take, ruwan da muke sha daga nesa ake jawo shi, daga Gogo da Macaya da Arunguza da Ganaram, kuma ba kowace unguwa yake kaiwa daidai ba, ko a unguwa ɗaya ma wani layin na samu wani ba ya samu. Dattijon ya ce kada in tambayi mai gida maganar ruwa don zai ce akwai, in dawo da sassafe in tsaya bakin layin in ga ko ƴan garuwa na yawan shiga, in tambaye su nawa suke sayar da bidon lokacin zafi. Wlh wannan dabarar kaɗai ta sa muka bar gidaje masu kyaun fenti da yawa. Haka kuma maganar damina, yakan duƙa ya nuna maka gindin bango inda ruwa ya taɓa kwanciya ko da an shafe da sabon siminti, ya ce duba inda layin ya gangara, ina kaniwo, wato magudanar ruwa, in babu ruwan ina yake bi. Bayan abin da muka gani a Satumbar 2024 da tsohon masallacin Birni ya rushe saboda ruwan sama, masallacin da kakanninmu suka yi sallah a ciki, ba wanda zai ɗauki maganar gindin bango da wasa. Inna da kanta ranar ta daina nacewa kan gidan banko.

Sai muka samu wani gida da ya shiga ran kowa. Ba zan faɗi unguwar ba. Yana da zaure, da tsakar gida mai faɗi da babban dogon yaro a tsakiya, ɗakin da ke gabas ya dace da Inna don ba hawa ba sauka, famfo na kawowa, masallaci na kusa, kuɗin kuma bai fi ƙarfinmu ba sosai. Matata tun ranar farko ta fara auna tagogi da igiya don labule, yara suka raba ɗakuna tsakaninsu, Inna ta zauna gindin iccen ta ce nan za ta dinga shimfiɗa tabarmarta. Ni kuwa a zuciyata na riga na tare. Ina aji ina koyarwa amma hankalina na can, ina lissafin inda zan ɗaure ragon layya.

Ɗaya daga cikin samarin ne ya kai mu, dattijon bai ga takardun ba tukuna. Da ya gani sai ya kira ni ya ce Mushe ka zo kai kaɗai. Ya ce gidan gado ne, ba a raba ba, magada suna da yawa, ɗaya yana Libiya ba wanda ya ji ta bakinshi, akwai kuma mata biyu da ke aure a wani gari da ba a nuna sa hannunsu ba, takardar da ke akwai kuma da sunan mamacin take. Babban wan ne ke son sayarwa da sauri yana cewa sauran duk sun yarda. Na ce to ai ya ce sun yarda, mu biya mu kawo shaidu da mai unguwa. Ya ce min ni ba zan sa hannuna a cinikin nan ba, in kana so ka je ka saya da kanka ba zan hana ka ba amma ba ta ofishina ba, don ranar da na Libiya zai dawo ya tsaya a ƙofar gidan ya ce bai sayar da rabonshi ba, ni za ka zo nema, kuma ba ni da abin da zan ba ka.

Raina ya ɓaci ƙwarai. Na fita ko sallama ban yi mishi da kyau ba. Abin da ya fi min ciwo shi ne komawa gida in faɗa ma matata, ta yi shiru ta shiga ɗaki, daga baya na ji tana kuka a hankali don kada Inna ta ji. Yara suka yi ta tambaya yaushe za mu koma gidanmu mai icce. Wanda bai taɓa neman gida ba zai ce ai gida ne kawai wani zai samu, amma ba haka abin yake ba, ka riga ka zauna a cikinshi da zuciyarka, ka ga tsufanka a ciki, sai a ce ka fito. Har yau in na bi ta layin ina rage gudun moto in kalli ƙofar, a rufe take da kwaɗo, maƙwabta sun ce magadan ba su gama daidaitawa ba.

To a nan ne nake ba ofishin nan babban yabo. La'adarshi na cikin cinikin nan, kuɗi ne a fili, ni mai saye ina roƙonshi mai sayarwa na roƙonshi, ya bar kuɗin. Dillalai nawa ne za su yi haka a garin nan? Mutumin da zuciyarshi ta riga ta kamu da gida ba ya ganin komai, ko an nuna mishi rami zai ce a cike, yana buƙatar wani a gefe wanda kanshi bai ɗau zafi ba kuma ba ya jin kunyar ce mishi a'a. Abin da na biya la'ada a kai ke nan, ba yawon moto ba.

Da na huce na koma, bai tayar da maganar ba, ya sa aka kawo shayi ya zaunar da ni ya yi min karatun takardu wanda ban taɓa samu a wurin kowa ba. Ya ce akwai takardar shaidar mallaka ta gargajiya, wadda ake kira detansiyon kutumiyer, da mai gari ko mai unguwa ke sa ma hannu, ita ce mafi rauni in ana maganar gida a cikin birni. Akwai akt de sesiyon da meri, wato ofishin magajin gari, ke bayarwa in an yi lotisma, mai ɗauke da lambar ilo, wato rukunin filayen, da lambar parsel, wato filin kanshi. Sai titir fonsiye wanda shi ne mai ƙarfi duka, ana yin shi ta wajen ma'aikatar impo da kadastir, wato masu haraji da rajistar filaye, akwai ma wani mai sauƙi da gwamnati ta fito da shi da ake ce ma Sheda. Ya ce kada in yarda da fotokopi, in ce a nuna min ainihin takardar, don sau da yawa in aka ce tana wurin wani ɗan uwa to tana banki an jinginar da ita. A je meri a duba rajista ko sunan da ke takarda shi ne a littafi, don parsel ɗaya a sayar ma mutum biyu ba sabon abu ba ne. A duba born, wato alamomin iyakar fili, a ƙasa ko sun yi daidai da taswira kada maƙwabci ya ci mita ɗaya ko gidan ya shiga hanya. A karɓi faktir na ƙarshe na NIGELEC, kamfanin kuran, da na ruwa, wato NDE da ta gaji SEEN, kada ka gaji bashin wani a kan kwantar, wato mita. Kuma kuɗi a gaban noter, wato jami'in da ke tabbatar da ciniki bisa doka, za a biya, ba a zaure ba. Duk wannan da ƙafarshi ya raka ni muka yi, bai ce je ka dawo ba.

Yanzu ƙorafi, don akwai shi kuma ba kaɗan ba.

Na farko samarin nan nashi ba halinsu ɗaya da shi ba. Ɗaya daga cikinsu yana da wata magana da yake yi a kowane gida, wai akwai wani Alhaji da ya gani jiya zai kawo kuɗi gobe, in kuna so ku ba da abansi yau. Wannan maganar tana tayar da hankalin mutum fiye da yadda ake zato, ka koma gida kana jin kamar za a ƙwace maka abu, ka fara tunanin cin bashin da bai kamata ba. Shi ne kuma ya kai mu gidan gadon nan da iyalina duka kafin a duba takarda, da an duba tun farko da matata ba ta yi kukan da ta yi ba. Wannan laifin ofishin ne, bai kamata a nuna ma iyali gidan da ba a tantance ba. Na faɗa ma dattijon haka, ya karɓa, ya yi ma yaron faɗa a gabana, amma ina jin har yanzu yana yi ma wasu. Hotunan da suke turowa ta WhatsApp su ma kada ka dogara da su, ana ɗaukar kusurwar da ta fi kyau a bar makewayin da ya rufta. Ga kuɗin esansi da suke karɓa duk fita ko gidan ya yi ko bai yi ba, ba yawa ba ne amma yana taruwa kuma ba a faɗa maka tun farko.

Na biyu lokaci. In an ce ƙarfe 4 to ka sa ran bayan la'asar sosai, wani lokacin ka bar aiki ka zo a ce mai makulli ya tafi Mirya. Wayar dattijon kuma sau da yawa a kashe take.

Na uku, kuma shi ya fi ɓata min rai, la'ada. Da baki muka shirya da shi a kan kashi 5 cikin 100, ba a rubuta ba. Ranar biya sai ga wasu mutum biyu da ban taɓa gani ba sun tsaya a ƙofar noter, ɗaya wai shi ya fara jin labarin gidan, ɗaya wai shi ya haɗa mai gidan da ofishin, kowa na neman rabonshi a wurina. Ranar da ya kamata in ji sanyi a rai sai ga ni ina cacar baki a bakin titi. Dattijon ya raba gardamar ya ce daga nashi kason zai sallame su, kuma ya yi, amma da an rubuta komai tun farko da ba a kai ga haka ba.

Gidan da muka saya daga ƙarshe ba wanda ya yi soyayya da shi ranar farko. Rabi siminti rabi banko ne, tsakar gidan ba ta kai ta wancan ba, ba icce, kwanon ɗaki ɗaya na yoyo. Amma akt de sesiyon ɗinshi tsaf yake da sunan mai shi yana raye, layin na samun ruwa, ruwan sama ba ya kwanciya, akwai lakkol kusa. Dattijon ya kawo maso ya kimanta gyaran a gabanmu aka rage a kuɗin gidan, ya ce tunda gwamnati ta rage kuɗin siminti a 2024 gyaran ba zai gagare ku ba, ku yi ɗaki-ɗaki. Matata ta zaga ta buɗe famfo ta tsaya tana kallon ruwan, ta ce a saya. Inna ta ce in dai da maƙwabta na kirki ita ta yarda, ta shiga gidajen da ke kusa ta gaisa da mata ta fito ta ce ba laifi.

Akwai abin da ban yi tsammani ba, wato halin da mai sayarwa ke ciki. Tsoho ne da ya yi ritaya, matarshi ta rasu, ƴaƴanshi na Yamai sun matsa ya koma wurinsu. Shi ya gina gidan da hannunshi kaɗan-kaɗan. Ranar da muka je duba na ƙarshe yana ta nuna min abubuwan da ba su shafi ciniki ba, nan ne aka yi sunan babban ɗana, wannan ƙofar daga Kano na sa aka kawo ta, wannan ɗakin nan Hajiya ta yi jinya. Samarin suna ta duba agogo, dattijon ya harare su ya bar shi ya gama. A gaban noter da aka miƙa mishi biro hannunshi na rawa, idonshi ya kawo ruwa kamar wanda ya kai ɗiyarshi gidan miji. Ya ce min ɗana, amana ce na ba ka, ka riƙe maƙwabtana. Na ce in sha Allahu Baba. Dattijon ne ya roƙe ni in bar shi ya zauna har bayan sallah ya yi bankwana da mutane a tsanake, duk da ina biyan luwaye a can, na yarda, kuma aka rubuta ranar fita a takarda don kada a samu saɓani. Dillalin da ke kallon mai sayarwa a matsayin mutum ba kaya ba, shi ma na ƙara mishi maki a nan.

Bayan mun tare kuma wani abu ya same ni da ban taɓa jin wani ya faɗa ba. Na zaci murna zan yi ta yi, sai tsoro ya kama ni. Asusu ba ko dala, albashi ya ragu saboda kiredi, in na kwanta sai in yi ta tunanin ko na yi tsada, ko da na ƙara haƙuri da na samu wanda ya fi, ko wani zai ƙwanƙwasa ƙofa da wata takarda. Mutane na zuwa barka da arziki ina murmushi amma cikina ba daɗi, kuma ba ka iya faɗa ma kowa don za a ce ka yi butulci ga Allah. Dattijon ya biyo ya ga yadda muka zauna, ya dube ni ya ce Mushe ba ka barci ko? Ya ce kusan duk wanda ya sayi gida da guminshi sai ya yi wannan, in wata ya ƙare ba wanda ya aiko karɓar luwaye za ka ji ya fara sauka. Haka kuwa aka yi, a hankali ya sauka, duk da kiredin na nan yana cizo.

Ga wanda ke da haƙuri kuma yana son a gaya mishi gaskiya ko ba daɗi, ina ba shi shawara ya je wurinsu, amma ya nace sai dattijon da kanshi ya ga takarda kafin ya kai iyalinshi ganin gida. Wanda ke sauri, ko wanda ke waje yana son ya turo kuɗi a saya mishi ta waya ba tare da ɗan uwa tsaye a kai ba, wannan ofishin ba zai yi mishi ba, samarin za su gajiyar da shi. Maganar canza suna a takarda ma har yanzu ba ta kammala ba, dosiyen na meri, kuma tunda aka biya la'ada na lura ni ne ke bin su ba su ke bina ba. Ƙanena na son fili in ya dawo daga Agadas kuma can zan kai shi, sai dai wannan karon kafin a hau moto za mu zauna a rubuta la'ada da kuɗin esansi da wanda zai bi canjin suna har ƙarshe, kowa ya sa hannu.